A Dubi Hanyar Ruwa Kafin A Aza Tubali

Maganarmu ta wannan mako ita ce hakkin ƙasa a kan wanda Allah Ya mallaka wa ita, fuloti ne ko lambu.

A shekarar 1978 waɗansu mutanen Ostareliya biyu, Bill Mollison da David Holmgren, suka fito da wani tsari na noma mai ɗorewa. Sharaɗinsa na farko shi ne mutum ya lura da fili, in da hali shekara guda, kafin ya taɓa shi: inda rana ke dukansa, inda iska ke shigowa, inda ruwa ke bi, da inda yake kwanciya.

Shari'a ta riga su kula da hanyar ruwa. An ruwaito cewa Manzon Allah (S.A.W.) ya yi hukunci a kan rafin Mahzur na Madina, cewa mai gonar sama ya tare ruwa har ya kai idon sawu, sa'an nan ya sake shi ga na ƙasa. Ashe ke nan ruwan da ya ratsa filinka yana ɗauke da hakkin maƙwabci.

To, mu dubi Unguwar Gano da Gyaɗi-Gyaɗi da sauran Tarauni. Ɗan kasuwa ko ma'aikaci ya kan sayi fili da rani, ƙasa a bushe, bai tambayi dattawan unguwa ko wurin tsohon kududdufi ne ba. Ya cike shi, ya ja katanga. Ran da ruwan Agusta ya sauko ya rasa mazauninsa, sai ya faɗa gidan talakan da ke gangare. Wa zai amsa wannan gobe kiyama?

Saboda haka kafin ka biya, je ka ga filin da damina. Ka sani iskar hunturu daga arewa maso gabas take zuwa da ƙura, hadari kuwa galibi daga gabas yake tasowa. Shuka darbejiya yamma da ɗaki don ta tare zafin la'asar. Nisanta masai daga rijiya, taka da ta maƙwabci. In gona ce, kada ka sare gawo, gama da damina yake zubar da ganye, ya ba ƙasa taki, bai hana gero rana ba.

Allah Ya ba mu ikon riƙe amana, amin.