Kuɗin gida: mu aika da kaka, kar mu jira damina

'Yan uwa matasa na Damagaram, Maraɗi da Yamai, wata tambaya gare ni: a wane wata kuke aika kuɗi gida?

Ni dai shekara da shekaru sai Yuli nake aikawa, sa'ad da waya ta fara ƙara: "Ɗana, rumbu ya ƙare." Bara na je Falanko, can Damargu, na ga wautata da idona. Kawuna ya sayar da hatsinsa tun Oktoba, kasuwa cike, tiya ta faɗi warwas, don ya biya bashi da kuɗin magani. Da damina ta yi tsakiya, da kuɗina ya koma sayen hatsi kusan ninki biyu. Ribar gumin kawu da nawa, wanda ya ɓoye buhu ne ya kwashe.

Ni Kirista ne, kuma tun ina yaro a majami'a nake jin labarin Yusufu a Littafin Farawa, sura 41. 'Yan uwana Musulmi ma sun san shi sarai. Shawarar da ya ba Fir'auna ta lissafi ce: a ware kashi ɗaya cikin biyar na amfanin gona a shekarun ƙoshi bakwai, a adana don shekarun yunwa. Ya dogara ga Allah, kuma ya cika rumbuna. Mu kuwa mukan ce "Allah zai tanada", alhali tanadin ya riga ya zo da kaka, muka sallama shi da araha.

Za ku ce talaka bai da abin ajiyewa. Gaskiya ne, mai bin bashi ba ya jiran farashi ya tashi, kuma wanda ya ga 2005 ya san wata shekarar ko ɗaya cikin biyar ɗin babu. To nan ne namu aikin yake. In ka aika jikka goma da kaka, ka biya buƙatar da za ta sa a buɗe rumbu. Kuɗin dai su ne, wata kawai ka sauya.

Dubarar ba baƙuwa ba ce. A Maraɗi aka fara Mata Masu Dubara a 1991, mata suna zubi kaɗan-kaɗan kowane mako suna ranta wa juna. Akwai kuma warantaj: manoma su kulle hatsi a sito, su karɓi rance a kansa, su sayar in ya yi daraja.

Ga majami'unmu kuma: hatsin godiyar kaka, me zai hana a ajiye wani kashi, a fitar da damina ga mabukata, Kirista da Musulmi?

Bana na shiga adashi, na roƙi kwasata ta faɗo a Oktoba. Na gaya wa kawu: "Kawu, kar ka taɓa rumbun nan sai ka kira ni."

Kai fa, yaushe kwasarka?