Wa Ya Ba Ku Izinin Sayar Da Karatun Malamai?



Ya 'yan uwana matasa, wata ɓarna ta kunno kai wadda bai kamata a yi shiru a kanta ba. Mutum zai kwaso karatun malamai da ke yawo kyauta a intanet, ya zuba a manhaja, ya manna sunansa, ya kulle, sannan ya ce sai ka biya kuɗin wata kafin ka saurara. Subhanallah!

Sheikh Abubakar Gumi ya yi shekaru yana tafsiri a masallacin Sultan Bello, talaka yana ji ta gidan rediyon Kaduna ba da ko kwabo ba, har ya rasu a 1992. Sheikh Ja'afar Mahmud Adam, wanda aka kashe yana limancin sallar asuba a Ɗorayi a 2007, bai sa mai karɓar kuɗi a ƙofar masallacin Indimi ba. Allah Ya jiƙansu. To kai a wa?

Kada a yi mini mummunar fahimta. Yaron da ke tura karatu a waya a bakin kasuwa ladan wahalarsa yake karɓa, bai hana kowa turawa ɗan uwansa ba. Wanda kuma ya fassara, ko ya gyara sautin tsohon kaset, guminsa halal ne.

Za su ce ai Majalisar Fiƙihu ta Duniya ta tabbatar da haƙƙin mallaka a zamanta na Kuwait a 1988. Gaskiya ne. Amma haƙƙin na mai karatun ne da magadansa. Idan waƙafi malam ya yi, ba a sayar da waƙafi. Idan gado ya bari, ka nuna mana takardar izinin iyalansa.

Wassalam.