Abin Da Ke Riƙe Da Malami Kirista A Gabashin Sakkwato

Duk wanda ya san ƙasar Wurno da Raba da Goronyo ya san mutanenta sun gaji. Cikin watan Yuli na 2018 ɓarayin daji suka faɗa wa Tabanni da ƙauyukan da ke kewaye da ita a ƙasar Raba, suka kashe mutum fiye da 30, waɗanda suka tsira suka kwararo Gandi. Ran Lahadi 17 ga Oktoba 2021 kuma suka shiga kasuwar Goronyo tana tsakiyar ci, aka rasa mutum fiye da 40. Tun ma kafin ɓarayi ruwa ya yi tasa ɓarnar, gama ambaliyar Satumba 2010 ta cinye gidaje da gonaki a ƙasan madatsar Goronyo.

Mu da ke aikin ilmi muna gane zurfin wannan gajiya ta wajen takardun neman canji. Malami ba ya rubuta cewa tsoro yake ji, sai ya ce uwarsa ta tsufa, ko ruwan garin bai karɓe shi ba. Amma akwai waɗanda ba su rubuta ba, cikinsu kuwa har da 'yan tsirarun Kirista, watau malamai da ma'aikatan asibiti da samari masu yi wa ƙasa hidima, waɗansu daga Zuru, waɗansu daga kudancin Kaduna ko Filato. Kayansu biyu ne. Suna tsoron ɓarawo kamar kowa, sa'an nan ga fargabar baƙunci, wadda ta ƙaru tun da aka kashe wata ɗaliba Kirista a Kwalejin Ilmi ta Shehu Shagari a Sakkwato cikin watan Mayu na 2022. Albashi bai isa ya zaunad da mutum a irin wannan hali ba. To, me ke riƙe da su?

Amsar tana cikin abin da suka gaskata. A wurin Kirista, Almasihu da kansa ya sha wuya, an ci amanarsa, abokansa sun watse sun bar shi. Saboda haka wahala ba ta zama masa shaidar cewa Allah ya juya masa baya ba. Sun gaskata an gicciye shi ran Jumma'a, ya tashi ran Lahadi. Tsakanin biyun nan akwai Asabar, ranar da ba a ji kome ba sai shiru, almajirai na ɓoye cikin tsoro. Muna ganin malamin da ke kwana da takalmi a ƙafa a bakin daji cikin wannan Asabar yake zaune, ƙarfinsa kuwa shi ne ya tabbata ba ita ce ranar ƙarshe ba. Tun 1932 Littafi Mai Tsarki ke hannunsa da Hausa, aikin da Likita Miller na Wusasa ya yi wa hidima shekara da shekaru. Cikinsa akwai Zabura, da yawansu kuwa kuka ne da ƙorafi ga Ubangiji. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin wanda aka yardar masa ya yi kuka ya fi wanda aka ce ya haɗiye daɗewa a kan ƙafafunsa.

Lardin nan ya taɓa ganin amfanin irin wannan imani. A ƙarshen shekarun 1930 En'e ta Sakkwato ta danƙa wa 'yan mishan na S.I.M. kula da kutare a Amanawa, zamanin da kuturu ba shi da mai taɓa shi, maganin kirki kuwa bai zo ba tukuna. Sun zo da nufin wa'azi, ba mu musa ba, kuma an yi ta ja-in-ja a kan haka. Duk da haka sun wanke gyambon da dangi suka guda.

Sai dai akwai abu biyu da muke jin tsoro. Na fari, kada haƙurin talaka ya zama matashin kan hukuma. Addu'a tana tsai da zuciya, amma gadin hanyar Raba zuwa Gandi aikin Gwamnati ne, ba ta kuwa da ikon ta bar wa Allah abin da Allah ya ɗora mata. Na biyu ya shafi Kirista su kansu. Wanda ya daɗe cikin tsoro yakan soma zaton shi kaɗai ake farauta. Ba haka ba ne a ƙasar nan. Galibin waɗanda aka binne a Goronyo da Tabanni Musulmi ne, manoma da 'yan tireda, iyayen yaran da malamin nan yake koya wa karatu. In imaninsa bai kai shi gaisuwar mutuwa gidajensu ba, ya zama ganuwa ke nan, ba abin da zai ƙara masa sai kaɗaici.

Mutanen gari su ma da nasu. Sardauna Ahmadu Bello ɗan Raba ne, ya yi malanta kafin ya zama hakiminta a 1934, da ya zama Firimiya kuwa ya zauna majalisa ɗaya da ministoci Kirista irin su Michael Audu Buba. Garin da ya haifi wannan mutum bai kamata baƙo ya kwana cikinsa da ido ɗaya ba.

Roƙonmu kaɗan ne. Hakimai da dagatai su karɓi kowane baƙon malami hannu da hannu, su sanad da liman da mai unguwa cewa amanarsu ce. A ba shi masauki cikin gari kusa da mutane, kada a jefa shi gidan malamai da ke bayan makaranta inda ba mai jin ihunsa. In su biyar ne ko shida suna son ɗakin da za su taru ran Lahadi, a ba su. Ma'aikatar Ilmi kuma ta daina tura mutum ɗaya tilo ƙauye mai nisa, ta riƙa tura su biyu biyu tun daga zangon karatu mai zuwa.