Ra'ayinmu: Tsoron da Ba Ya Tsare Kowa

A wannan fitowa muna so mu yi magana a kan wani baƙo da ya daɗe a gidajenmu har ya zama kamar ɗan gida, wato tsoro da ƙanwarsa damuwa.

Ba za mu ce babu abin tsoro ba, gama da mun faɗi haka, da gwauraye da marayun da ke cikinmu sun ajiye wannan takarda. Mun ga abin da ya faru a Kano a 1991, da Zangon Kataf a 1992, da Kaduna a 2000, da Jos a 2001. Ba mu manta da bom ɗin Madalla na ranar Kirsimeti ta 2011 ba, ko 'yan mata 276 da aka kwashe a Chibok a 2014. Akwai kuma ƙauyukan da masu garkuwa da mutane suka raba manoma da gonakinsu, Kirista da Musulmi duka. Hausawa sun ce wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Gaskiya ne, amma mu lura, tsumma ba maciji ba ne, kuma wanda ya ƙare kwanakinsa yana gudun tsumma ya sa wa kansa dafin da maciji bai sa masa ba.

Yawancinmu muna tune da watan Agusta na 2014, jim kaɗan bayan cutar Ebola ta shigo Legas. Cikin dare saƙo ya bazu a wayoyi cewa kowa ya tashi ya yi wanka da ruwan gishiri, ya kuma sha. Aka ta da yara da tsofaffi daga barci, har da masu hawan jini. An kwantar da mutane a asibiti, an kuma ba da rahoton mutuwar aƙalla mutum biyu. Ita kuwa cutar, mutum 20 ta kama a ƙasar duka, 8 suka mutu, ba ta kuma iso Arewa ba har aka sanar da ƙarshenta a watan Oktoba na wannan shekara. A yankinmu tsoron cutar ne ya yi ɓarna, cutar ba ta taɓa kowa ba.

Irin wannan yana faruwa a ikilisiyoyinmu kullum, sai dai ba a buga shi a jarida. Saƙo guda wanda ba a san mai shi ba ya isa ya bar majami'a wayam ranar Lahadi. Yaro ya yi zazzaɓi, maimakon a kai shi asibiti sai a fara nuna wata tsohuwa da yatsa ana cewa mayya ce. Wasu suna kwashe kuɗin makarantar 'ya'yansu su kai wa masu kiran kansu annabawa domin sayen mai da ƙyalle na kariya. Wasu matasanmu ba sa neman aiki, ba sa yankar katin zaɓe, ikilisiya ba ta neman takardar filinta, duk da hujja ɗaya: ai ba za a ba mu ba. Ta haka muke hana kanmu tun kafin wani ya hana mu. Littafin Ƙidaya sura 13 da 14 ya nuna mana 'yan leƙen asiri 12 da suka ga ƙasa ɗaya. Goma suka raina kansu, suka cika jama'a da fargaba, sakamakon haka aka yi shekara 40 a jeji.

To, yaya za mu bambanta hankali da tsoro? Nehemiya ya bar mana misali. Da maƙiya suka ƙulla kai hari a kan Urushalima, ya yi addu'a, ya sa masu tsaro dare da rana, ginin garu kuma bai tsaya ba. Daga baya aka ɗauki hayar wani mai suna Shemaiya ya tsorata shi da annabcin ƙarya domin ya gudu ya ɓuya cikin Haikali. Nehemiya ya gane ba Allah ne ya aiko shi ba, ya ƙi. Aka gama garun cikin kwana 52. Ga ma'aunin a nan: in abin da ke damunka yana da matakin da za ka iya ɗauka yau, ka ɗauka, ka kwanta ka yi barci. In kuwa ba shi da wani mataki sai juyi a kan gado, ka miƙa shi ga Ubangiji, ka koma bakin aikinka.

Muna da shaidu a zamaninmu. A watan Oktoba na 2014 Boko Haram ta mamaye hedkwatar Ekklesiyar Yan'uwa a Nigeria da ke Kwarhi kusa da Mubi. Shugabanninta suka ƙaura zuwa Jos, abin da hankali ya nuna ke nan a lokacin. Amma ba su mai da gudu gida ba. Sun koma Kwarhi, kuma a watan Maris na 2023 suka yi bikin cika shekara 100 da fara aikin a Garkida. Haka nan tsoro yakan raɗa mana cewa duk maƙwabcin da ba addininmu ɗaya ba maƙiyi ne. A watan Yuni na 2018, a ƙauyen Nghar na ƙaramar hukumar Barikin Ladi, Liman Abubakar Abdullahi ya ɓoye Kiristoci fiye da 200 a masallacinsa da gidansa, ya tsaya a gaban maharan yana roƙonsu. A Kaduna, Fasto James Wuye, wanda ya rasa hannunsa a rikicin 1992, ya haɗa kai da Imam Muhammad Ashafa suka shiga aikin sulhu tun 1995. Da waɗannan mutane sun bi muryar tsoro, da yawan kaburbura sun ƙaru.

Saboda haka muna roƙon fastoci da dattawa abubuwa huɗu. Na farko, kowace ikilisiya ta zaɓi mutum biyu ko uku masu natsuwa waɗanda za su bincika duk wani labarin hari wurin mai unguwa da jami'an tsaro. Kada ɗan ikilisiya ya tura saƙon da bai san tushensa ba. Na biyu, kada a ba kowa bagadi ya zargi wani da maita, ko ya sayar da kariya. Marar lafiya a yi masa addu'a, a kai shi asibiti. Na uku, game da damuwar ci da sutura, Ubangijinmu ya nuna mana tsuntsaye a Matiyu sura 6, kuma mun san tsuntsu ba ya yini cikin sheƙa. Mu yi noma, mu yi sana'a, zumuntar mata da ta maza su ƙarfafa adashi da rumbun taimakon gwauraye, domin ɗan'uwa kada ya ɗauki kayansa shi kaɗai. Na huɗu, akwai waɗanda idanunsu suka ga abin da ya hana su barci, gabansu yana faɗuwa ko da ƙofa ce ta buga. Kada mu ce musu ba su da bangaskiya. Da Iliya ya gudu jeji ya gaji da ransa, abinci da barci Allah ya fara ba shi kafin ya yi masa magana. Mu ziyarce su, mu saurare su, mu raka su wurin likita.

Mu kaɗan ne a garuruwan da muke, amma nan aka binne cibiyarmu, nan kuma aka kira mu mu zama shaidu. Mu kulle ƙofa da dare, da safe mu buɗe ta. Mu je gaisuwar mutuwa da barkar suna a gidajen maƙwabta, mu tura 'ya'yanmu makaranta, mu cika kujerun majami'a ranar Lahadi. Ubangiji ya ba mu hikimar gane haɗari na gaske, ya kuma 'yantar da mu daga sauran. Amin.