Sharhi: Kwashe Gubar Dalma Daga Ƙauyukanmu Da Nauyin Da Ya Rage A Wuyanmu

Idan dai jama'a ba su manta ba, a cikin watan Disamba na shekarar 2024 ne Gwamnatin Tarayya, ta bakin Ministan Ma'adinai Dele Alake, ta ɗage haramcin haƙar ma'adinai da aka sanya wa Jihar Zamfara tun watan Afrilu na 2019 saboda matsalar tsaro. Bayan haka kuma, a cikin watan Oktoba na 2025 farashin zinariya a kasuwar duniya ya haura dalar Amurka 4,000 a kan kowane oza, alhali kuwa a tsakiyar shekarar 2010 bai wuce wajen dala 1,200 ba. Duk mai lura da al'amura ya san abin da waɗannan abubuwa biyu ke nufi a karkara: matasa da magidanta za su ƙara tururuwa zuwa ramukan haƙa, injinan niƙa dutse kuma za su ƙara yawa.

Neman halali ba laifi ba ne. Sai dai ya zama wajibi mu tunatar da kanmu irin tsadar da wannan jiha ta biya a baya, da irin wahalar da aka sha kafin a kwashe gurɓatacciyar ƙasa daga gidajen jama'a, domin kada aikin ya zama na baban giwa.

Abin da ya faru a 2010

A farkon shekarar 2010 mazauna wasu ƙauyuka na ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum suka lura agwagi suna ƙarewa a gari, amma ba wanda ya ɗauki abin da muhimmanci. Ba a daɗe ba sai ƙananan yara suka fara amai da ciwon ciki da jijjiga, wasu su suma, wasu su rasu cikin 'yan kwanaki. Da fari an zaci zazzaɓin cizon sauro ne ko sanƙarau. A cikin watan Maris na shekarar ne ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta Na-gari Na-kowa, wato MSF, suka ankara da yawan mace-macen, gwajin jini kuma ya tabbatar da cewa gubar dalma ce.

Binciken da Cibiyar Yaƙi da Cututtuka ta Amurka ta gudanar tare da hukumomin lafiya na Nijeriya a ƙauyukan Dareta da Yargalma ya nuna cewa yara 118 daga cikin 463 'yan ƙasa da shekara 5 sun rasu cikin shekara guda, wato ɗaya daga cikin kowane yara huɗu. Daga cikin yaran da aka gwada jininsu, kashi 97 cikin 100 suna ɗauke da dalmar da ta kai ko ta wuce maikrogram 45 a kowace desilita ta jini, wanda shi ne mizanin da likitoci ke fara ba da maganin fitar da ita. An ƙiyasta cewa yara aƙalla 400 ne suka rasa rayukansu a wannan annoba.

Musabbabin abin kuwa a fili yake. Dutsen zinariyar da ake haƙowa a yankin yana haɗe da dalma mai yawa. Maimakon a sarrafa shi a daji, sai aka riƙa kawo shi cikin gari a buhuna, ana farfasa shi da guduma, ana dakawa a turmi, ana niƙawa a injin irin na hatsi, ana wankewa, ana shanya shi a tsakar gida. Ƙurar ta kwanta a ƙasa, ta shiga ɗakuna da tukwane da rijiyoyi. Yaro mai rarrafe kuwa hannunsa daga ƙasa sai baki. A wasu wurare an auna fiye da miligram 100,000 na dalma a kowane kilo na ƙasa, alhali iyakar da Amurka ta amince da ita a wancan lokaci a wurin wasan yara ita ce miligram 400.

Dalilin da ya sa sai an kwashe ƙasa kafin a ba da magani

Akwai wani abu da ya kamata kowane jami'i da kowane mai gida ya fahimta. Dalma ba ta ruɓewa, rana ba ta ƙona ta, ruwan sama kuma ba ya kashe ta, sai dai ya kwashe ta daga wannan gida ya kai ta tafkin da dabbobi ke sha. Ba ta da wari, ido kuma ba ya rarrabe ƙasa mai guba da mai kyau. Idan ta zauna a tsakar gida, tana nan har jikoki, sai fa in an kankare ta an ɗauke.

Wannan ne ya sa likitoci suka tsaya a kan cewa tsabtace gari ita ce gaba da magani. Maganin da ake ba yara yana kama dalmar da ke cikin jini ya fitar da ita ta fitsari. To amma idan yaron ya koma gidan da ya kwaso gubar, an gudu ne ba a tsira ba, domin zai sake haɗiyar ta. Bugu da ƙari, maganin yana ceton rai ne, ba ya gyara lahanin da gubar ta riga ta yi wa ƙwaƙwalwa. Daga cikin yaran da suka rayu akwai waɗanda suka makance, akwai waɗanda gaɓoɓinsu suka shanye, akwai kuma masu yawa da karatu zai yi wa wuya har abada. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa babu wani adadi na dalma a jinin yaro da aka san ba ya cutarwa.

Yadda aka gudanar da aikin

An yi aikin tsabtacewar ne a matakai uku. A tsakiyar 2010 aka fara da Dareta da Yargalma cikin gaggawa, ana tsere da damina. Daga ƙarshen 2010 zuwa farkon 2011 aka bi Abare da Tungar Guru da Sunke da Tungar Daji da Duza. Mataki na uku shi ne na Bagega a shekarar 2013. Ma'aikatar Muhalli ta jiha da ƙananan hukumomi da masarautu sun yi aiki tare da kamfanin injiniyoyin muhalli na TerraGraphics da cibiyar Blacksmith, dukansu daga Amurka, da tallafin hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya da sauran masu ba da agaji.

Abin lura shi ne, mafi yawan aikin ba manyan motoci ne suka yi shi ba, 'ya'yan garuruwan ne suka yi shi da fartanya da shebur da baro. Da farko akan nemi izinin mai gida, sannan a auna ƙasar gidan lungu-lungu da wata na'urar hannu mai nuna yawan dalma nan take. Inda gubar ta yi yawa sai a kankare saman ƙasar, a zuba a buhuna, a kai ramukan binnewa da aka tanada a bayan gari. Daga nan a sake aunawa, a kawo ƙasa mai kyau wadda aka gwada, a shimfiɗa a daddaɓe, sannan a share ɗakuna a wanke kayan gida. Haka aka bi tituna da filayen niƙa da kududdufan da aka riƙa wanke dutse a cikinsu.

Rahoton da masu aikin suka wallafa a 2016 ya nuna cewa an kwashe fiye da kyubik mita 27,000 na gurɓatacciyar ƙasa da dusar dutse daga gidaje 820 da wuraren sarrafa dutse a ƙauyuka 8. Idan muka ɗauka tifa guda tana cin kyubik mita 10, lodi 2,700 ke nan. Yawan dalmar da ke ƙasa ya ragu da kashi 89 cikin 100, yara 2,349 suka sami magani, matsakaicin dalmar da ke jinin ƙananan yara kuma ya sauko daga maikrogram 149 zuwa 15 cikin shekara 4. Babu shakka wannan nasara ce da ta cancanci yabo, ta kuma tabbatar da cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Darasin Bagega

Bagega, a ƙaramar hukumar Anka, ita ce mafi girma a cikin ƙauyukan, kuma a gefenta ne ake da babban filin niƙa da wanke dutse, wanda masu aikin suka riƙa kira yankin masana'antu, inda dusar dutse ta taru tsibi-tsibi. Duk da haka ita ce ta zo ƙarshe, domin kuɗin agajin gaggawa sun ƙare kafin a kai kanta. Gwamnatin Tarayya ta yi alkawarin kuɗi a 2012, amma ba a sake su ba sai cikin watan Janairu na 2013, bayan matsin lamba daga ƙungiyoyin farar hula na gida da na waje. A tsawon wannan jira, yara wajen 1,500 suna zaune cikin guba, likitoci kuma ba su da halin fara yi musu magani.

Darasin da ke nan shi ne, jinkiri wajen fitar da kuɗin tsabtacewa yara ne ke biyansa da lafiyarsu. Haka kuma abin bai tsaya a kanmu kaɗai ba: a shekarar 2015 irin wannan guba ta hallaka yara 28 a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja, ta hanyar sarrafa dutsen zinariya a kusa da gidaje, can ma sai a 2016 aka yi aikin kwashe ƙasar.

Abin da ke iya mayar da mu gidan jiya

Gidan da aka shafe kwanaki ana tsabtacewa, buhu ɗaya na dutse ya isa ya sake gurɓata shi. Hanyoyin dawowar gubar sanannu ne: ajiye dutse a ɗaki don tsoron ɓarayi, daka shi a turmin da ake daka gero, niƙa hatsi a injin da ya niƙa dutse, yin tubali ko yaɓe da dusar dutse, da komawar ma'aikaci gida da tufafi masu ƙura ya ɗauki ɗansa. Akwai kuma haɗarin tone ramukan da aka binne gubar, ko don neman ragowar zinariya, ko don noma da gini bayan an manta da abin da ke ƙasan wurin.

A farkon shekarar 2022 ƙungiyar MSF ta miƙa shirinta na gubar dalma ga hukumomin jiha, bayan fiye da shekara 11 tana aiki. Ma'anar wannan ita ce baƙi sun yi nasu, saura namu.

Hana haƙa kaɗai ba ya magance matsalar, domin idan aka kori masu niƙa ba tare da an ba su wuri ba, ɓoye aikin za su yi a cikin gidaje, inda haɗarin ya fi yawa. Mafita ita ce a gyara yadda ake aikin. Wani gwaji da aka gudanar tare da masu haƙa a arewacin Nijeriya, wanda aka wallafa sakamakonsa a 2019, ya nuna cewa fesa ruwa a lokacin niƙa ya rage dalmar da ke tashi cikin iska da kashi 95 cikin 100.

Nauyin da ke kan kowa

Gaskiya ne tsarin mulkin ƙasa ya danƙa ma'adinai a hannun Gwamnatin Tarayya, kuma Dokar Ma'adinai ta 2007 ta wajabta wa mai lasisi gyara wurin da ya yi aiki. To amma filin da gari yake a kai, da rijiyar da ake sha, da tsakar gidan da yara ke wasa, suna gaban idon ƙaramar hukuma ne da masarauta. Saboda haka muna kira ga shugabannin ƙananan hukumomi da kansiloli da su keɓe wa masu niƙa fili nesa da gari da ruwan sha, mai wurin wanka da ajiyar kaya, su kewaye ramukan da aka binne guba, su kafa musu alama, su kuma shigar da su cikin kundin filaye don kada a ba wani ya noma ko ya gina.

Uwayen ƙasa da hakimai da masu unguwanni su ne suka san gidan da buhu ya shiga da dare. Wajibi ne su tsaya kai da fata a kan cewa dutse ba ya kwana a cikin gari. Limamai da malamai su ci gaba da faɗakarwa, domin yaro amana ne. Malaman tsabta da jami'an kiwon lafiya a matakin farko su riƙa kai rahoto da zarar sun ga yara suna jijjiga ba tare da maganin zazzaɓi ya yi musu amfani ba, ko sun ji kaji da agwagi suna mutuwa babu dalili.

Ga masu haƙa kuwa, ku haɗu cikin ƙungiyoyin gama-kai, ku jiƙa dutse a lokacin niƙa, ku yi wanka ku sauya tufafi kafin ku doshi gida, kada kuma ku bar yara ko mata masu juna biyu su kusanci wurin aiki. Iyaye mata su ware turmi da ƙwarya na abinci daban, su wanke hannun yara da sabulu kafin cin abinci.

Daga ƙarshe, ya kamata mu tuna cewa ƙasar da aka kwashe daga ƙauyuka takwas ta ci kuɗi da shekaru, rayukan da aka rasa kuwa ba kuɗin da zai dawo da su. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Allah Ya jiƙan yaran da suka riga mu gidan gaskiya, Ya ba waɗanda suka nakasa lafiya, Ya kuma ba mu ikon tsare waɗanda ke tasowa.