Cinikin Luka Doncic: Yadda Magoya Bayan Dallas Suka Auna Abin da Aka Yi Musu

A gasar ƙwallon kwando ta NBA da ke Amurka, ana rufe kasuwar musayar 'yan wasa ne cikin watan Fabrairu, bayan kakar wasa ta wuce rabi. Tsarin ya sha bamban da na ƙwallon ƙafa a Turai, inda ƙungiya ke zube kuɗi ta sayi ɗan wasa, shi kuma sai ya yarda ya sa hannu. A NBA cinikin ba ni gishiri in ba ka manda ake yi: ɗan wasa a bakin ɗan wasa, a ɗora da gurbin zaɓar matasan da za su shigo gasar a shekaru masu zuwa. Dokar ƙayyade albashi kuma tana tilasta wa yawancin ƙungiyoyi su sa albashin da ya fita ya yi kusa da wanda ya shigo. Ba a neman yardar ɗan wasa, sai 'yan ƙalilan da suka sa wannan sharaɗi a kwantiraginsu. Mutum kan kwanta yana ɗan wannan gari, ya tashi a ce ya haɗa kayansa.

Haka ta faru da Luka Doncic a daren Asabar, 1 ga Fabrairun 2025, saura kwana biyar a rufe kasuwa. Da Shams Charania na tashar ESPN ya fitar da labarin, mutane da yawa sun ɗauka kutse aka yi wa shafinsa. Dallas Mavericks ta ba Los Angeles Lakers Doncic tare da Maxi Kleber da Markieff Morris, ta karɓi Anthony Davis da Max Christie da gurbi ɗaya na zagayen farko a zaɓen 2029. Utah Jazz ta shigo a matsayin ta uku, ta tafi da 'yan tsarabe-tsarabe.

Abin da magoya baya suka fara ɗorawa a sikeli shi ne shekaru. Doncic, ɗan ƙasar Sulobeniya da ya taso a Real Madrid, yana da shekara 25 a lokacin. Sau biyar a jere, daga 2020 zuwa 2024, an sa shi cikin zakarun gasar biyar na shekara. A kakar 2023/24 shi ya fi kowa cin maki, kusan 34 a kowane wasa, ya kuma ja Dallas har wasan ƙarshe, inda Boston ta doke su da ci 4 da 1. Davis gwani ne, musamman wajen tsare bakin kwando, kuma ya ci kofi da Lakers a 2020, amma shekararsa 31 kuma an san shi da yawan zaman jinya. Babban manajan Dallas, Nico Harrison, ya kare kansa da cewa tsaron gida ne ke cin kofi. An kuma yi ta raɗe-raɗin cewa shugabannin ƙungiyar ba su gamsu da yadda Doncic ke kula da jikinsa ba, ga shi tun ranar Kirsimeti yana jinyar sha-raɓa, ga kuma kwantiragin dala miliyan 345 na shekara biyar da ya cancanci samu a bazarar shekarar.

Ba duka wannan hujja ce ta banza ba. Ƙungiya na da ikon ta yi shakkar ɗaure kanta da irin wannan kuɗi. Inda gizo ke saƙa shi ne yadda aka sayar. Duk wanda ya taɓa kai sa kara ya san ba a sallama wa mai tayin farko, balle a kira mutum ɗaya bayan gida a ƙulla da shi. Harrison da takwaransa na Lakers, Rob Pelinka, sun shafe makonni suna magana a asirce, yawancin ƙungiyoyi ba su ma san kayan na kasuwa ba. Magoya baya kuwa suna da abin kwatance a hannu. A Fabrairun 2023 Phoenix ta ba da Mikal Bridges da Cam Johnson da gurabe huɗu na zagayen farko kafin ta samu Kevin Durant, mai shekara 34. A 2024 New York Knicks ta ba da gurabe biyar a kan shi Bridges ɗin, wanda bai kama ƙafar Doncic ba. Dallas gurbi ɗaya tak ta karɓa. A nan lissafin mai kallo ya fi na manaja tsayawa da ƙafarsa.

Akwai kuma abin da ba ya shiga littafin lissafi. Dallas gari ne da ya saba da Dirk Nowitzki, Bajamushen da ya yi kaka 21 a ƙungiya ɗaya, ya kawo mata kofinta ɗaya tilo a 2011. Doncic ya zo a 2018, ya yi kakarsa ta farko tare da Nowitzki yana ta ƙarshe, don haka mutanen garin suka ɗauke shi magaji. Washegarin cinikin sun taru a gindin mutum-mutumin Nowitzki da ke gaban filin American Airlines Center, wasu da furanni, wasu har da akwatin gawa. Daga nan kiran a kori Nico ya zama taken kowane wasa a gida, har aka fitar da wasu 'yan kallo daga fili saboda shi. Ƙungiyar ta ƙara wa wutar fetur da ta sanar da ƙarin kuɗin tikiti makonni kaɗan bayan haka. Shi kansa Harrison ya amsa daga baya cewa ya san ana son Doncic, amma bai san son ya kai haka ba.

Sai jiki ya shiga maganar. Ranar 8 ga Fabrairu Davis ya buga wasansa na farko da Houston, ya ci maki 26, ya nuna abin da aka saye shi dominsa, sannan ya dafe matsematsinsa ya fita kafin a tashi. Wasa 18 ya yi bai dawo ba. A farkon Maris jijiyar gwiwar ɗaya tauraron Dallas, Kyrie Irving, ta tsinke. Ranar 9 ga Afrilu Doncic ya dawo Dallas sanye da rigar Lakers, aka nuna bidiyon karramawa, ya zauna a benci yana share hawaye da tawul, sannan ya tashi ya zuba musu maki 45, 'yan gida na yi masa tafi. Dallas ta gama kakar da nasara 39 da rashin nasara 43, ba ta kai ga wasannin neman kofi ba.

Magoya bayan Lakers ma sun yi nasu awon. Sun samu tauraron da zai gaji LeBron James, amma sun rasa dogon da ke tsare musu kwando. Yunƙurin ɗauko Mark Williams daga Charlotte ya wargaje bayan gwajin lafiya, kuma kasuwa ta riga ta rufe. A zagayen farko na wasannin neman kofi Minnesota ta fitar da su da ci 4 da 1, Rudy Gobert ya yi yadda ya ga dama a ƙarƙashin kwandonsu a wasa na biyar.

Dole a yi adalci: hukuncin da magoya baya ke yankewa a daren ciniki yakan karkace. A Fabrairun 2008 an yi wa Memphis ca saboda ta ba Lakers Pau Gasol, aka ce kyauta ta yi. Cikin abin da ta karɓa akwai haƙƙin ɗaukar ƙanensa Marc, wanda ya zama ginshiƙinta na fiye da shekara goma. Shi ma Harrison, a Fabrairun 2024, ya ɗauko P.J. Washington da Daniel Gafford, cinikin da ya taimaka wajen kai Dallas wasan ƙarshe, kuma waɗannan mutanen da ke zaginsa su suka yabe shi a lokacin. Sai dai Memphis ƙungiya ce da ke kwance a ƙasa tana neman sabon tubali. Dallas kuwa wata takwas kacal da buga wasan ƙarshe ta rushe gininta.

A watan Mayun 2025 aka yi ƙuri'ar raba guraben zaɓe. Damar Dallas ta zuwa ta ɗaya ba ta kai kashi 2 cikin 100 ba, amma ita ta faɗo. Ta ɗauki Cooper Flagg, matashi mai shekara 18 daga Jami'ar Duke. Gaba ta kai ni, gobarar Titi a Jos. Wasu sun so su jingina wannan rabo da hangen nesan manaja, yawancin magoya baya suka ƙi, kuma suna da gaskiya, domin Flagg ba ya cikin abin da Lakers ta biya. Faɗuwar ƙungiyar ce ta sa ta shiga ƙuri'ar tun farko.

A watan Agusta Doncic ya sa hannu kan ƙarin shekara uku da Lakers a kan dala miliyan 165. Ranar 11 ga Nuwamba, bayan Dallas ta sha kashi a wasa 8 cikin 11 na farkon sabuwar kaka, Patrick Dumont, wanda iyalinsa da na Adelson suka sayi mafi yawan hannun jarin ƙungiyar daga Mark Cuban a ƙarshen 2023, ya sallami Harrison. Dumont ɗin ne ya amince da cinikin tun farko, kuma shi ba mai sallamarsa. Saura gurbin 2029, wanda darajarsa ta dogara ga matsayin Lakers a waccan kakar: in ta faɗi ƙasa gurbin ya yi tsada, in ta yi sama ya zama na ƙarshe-ƙarshe. A shekarar ce Doncic zai cika 30.