Tsadar Memori Da Kuɗin Ruwa: Jan Kunne Ga 'Yan Kasuwarmu Na Kurmi

Tun daga ƙarshen shekarar 2025 farashin kayan ajiyar bayanai, watau memori da faifan kwamfuta, ya yi tashin gwauron zabo a kasuwannin duniya. Abin da ya yi tsada a can kuwa ba ya daɗewa bai iso kasuwar kwamfuta ta Ikeja da ta Alaba da ta Anacha ba, inda 'yan'uwanmu da yawa ke neman abinci. Saboda haka har an fara jin wasu suna ba da shawarar wai mutum ya je banki ya ciwo bashi ya tara kayan, ko kuma ya zuba ɗan abin da ya tara cikin hannun jarin kamfanonin da ke ƙera su. A ganinmu wannan shawara tana da haɗari, kuma ga dalili.

Ruwa ba ya tsami banza. Manyan kamfanonin Amurka, irin su Microsoft da Amazon da Google da Meta, sun duƙufa wajen gina rumbunan bayanai, watau manyan gine-gine cike da kwamfutoci, domin aikin ƙirƙirarriyar basira. Kowane rumbu yana cin memori ba kaɗan ba. Masu ƙera memorin da kwamfuta ke aiki da shi kuwa uku ne suka riƙe fiye da kashi 90 cikin ɗari na kasuwar: Samsung da SK Hynix na Koriya ta Kudu, sai Micron na Amurka. Da suka ga inda riba take, sai suka karkata masana'antunsu ga irin wanda rumbunan ke so, na waya da na ƙaramar kwamfuta ya yi ƙaranci. A watan Disamba na 2025 Micron ya ba da sanarwar zai daina sayar wa talakawa kayansa mai suna Crucial. Hannun jarin Seagate da Western Digital, masu yin faifan ajiya, ya ninka fiye da sau biyu a shekarar, shi kuwa Nvidia darajarsa ta kai dala tiriliyan 5 a watan Oktoba.

To, ina ruwan wannan da kuɗin ruwa? Ai kuwa da ruwansa. Idan Babban Bankin Amurka ya ɗaga kuɗin ruwa, mai dukiya yakan ba gwamnati rance ya kwanta ya yi barcinsa. Idan aka sauke, sai ya fito yana neman riba a kasuwar hannun jari, su kuma masu ginin rumbu bashi ya yi musu araha. Daga Maris na 2022 zuwa Yuli na 2023 bankin ya ɗaga kuɗin ruwa daga kusan babu har ya wuce kashi 5 cikin ɗari. A Satumba na 2024 ya fara saukewa, kafin ƙarshen 2025 ya dawo ƙasa da kashi 4. Masu zuba jari sun ɗora lissafinsu ne bisa abu biyu: cewa kuɗi zai ci gaba da araha, da cewa yunwar memori ba za ta ƙare ba. Duk biyun zato ne, ba wanda aka ba takardar alkawari.

Wanda ya san cinikin albasa a Mile 12 ba sai an yi masa dogon bayani ba. Bana buhu ya yi tsada, baɗi kowa ya shuka, motoci su cika kasuwa, har a roƙi mai saye. Haka memori yake, sai dai shi kakarsa takan ɗauki shekaru, domin gina masana'anta ɗaya yana cin shekara biyu ko fiye. Idan duka ukun suka faɗaɗa a lokaci guda, kaya kan fito a lokaci guda. Ba da nisa ba, a shekarar 2023, kayan sun yi kwantai, SK Hynix ya tafka asara, Micron ya yi asarar fiye da dala miliyan dubu 5, Samsung kuma dole ya rage aiki. Waɗannan fa su ne masu abin, ga injiniyoyi ga masana lissafi, amma kaka ta juya musu baya. Ina ga mai shago ɗaya?

Kuma kada wani ya ce ai fasahar gaskiya ce, don haka jarinta ba ya faɗuwa. Intanet ma gaskiya ce. Duk da haka kasuwar Nasdaq, wadda ta haura maki 5,000 a Maris na 2000, ta zubar da kusan kashi 78 cikin ɗari kafin ƙarshen 2002, ba ta koma inda take ba sai 2015. Mutane ba su daina amfani da intanet ba ko na kwana ɗaya, amma waɗanda suka sayi hannun jari da tsada sun yi shekara 15 suna jira.

Mu dawo gida, domin a nan ne maganar ta fi ciwo. Arahar kuɗin da ake yi wa murna a Amurka ba ta zo mana ba. Babban Bankin Nijeriya, ƙarƙashin Olayemi Cardoso, ya ɗaga kuɗin ruwa har kashi 27 da rabi a Nuwamba na 2024, ragin da ya yi a Satumba na 2025 kuwa na rabin kashi ɗaya ne kacal. Wannan ma ma'aunin bankuna ne, shi ƙaramin ɗan kasuwa abin da za a ɗora masa ya fi haka. Watau wanda ya ci bashi ya ɓoye kaya shekara guda, sai farashi ya ƙaru da kusan sulusi kafin ya ce ya mayar da uwar kuɗi, ba a yi maganar haya da dako ba. Ga kuma dala. Tun da aka saki naira a Yuni na 2023 ta tashi daga wajen 460 ta wuce 1,500 a 2024, daga baya ta ɗan farfaɗo. 'Yan canjinmu na Ikko sun fi kowa sanin cewa wanda ya shigo da kaya dala tana sama, in ta sauko shi ke kwana a ciki.

Mun taɓa ganin irin wannan rawa. A 2007 da farkon 2008 ma'aikata da 'yan kasuwa sun yi ta cin bashin banki suna sayen hannun jari. Ma'aunin kasuwar Ikko ya kai wajen 66,000 a Maris na 2008, shekara na zagayowa ya faɗo wajen 20,000. Hannun jarin ya narke, bashin yana nan daram.

Sai kuma 'yan damfara, waɗanda ba su rasa sabuwar riga. A 2016 MMM ne. A Afrilu na 2025 kuma CBEX ne ya rushe da kuɗin jama'a, bayan ya yi ta cewa ƙirƙirarriyar basira ce ke yi masa ciniki, har masu asara suka far wa ofishinsa a Badun. Duk wanda ya zo maka da alkawarin ninka kuɗi cikin wata guda da sunan wannan fasaha, kallon kitse yake so ka yi wa rogo. Ka fara tambayarsa rajistarsa da hukumar kula da hannun jari, SEC.

Ba mu ce kowa ya binne kuɗinsa a tukunya ba. Mai rarar da ba ta cefane ba, ba ta kuɗin makarantar yara ba, yana iya sayen hannun jari ta hannun dillali mai rajista, da sanin cewa zai iya yin shekaru bai ga riba ba. Wanda ke gudun riba saboda addini, akwai sukuk na Gwamnatin Tarayya, wanda aka fara a 2017 da naira miliyan dubu 100 domin gina hanyoyi. Shi kuwa mai shago, ya sayi abin da zai iya sayarwa cikin wata ɗaya ko biyu, da kuɗinsa, ya juya. Memori ba gero ba ne da za a zuba a rumbu a jira bazara. Kowace shekara sabon samfuri na fitowa, wanda ya fi na bara ɗaukar kaya da sauri, kuma ranar da ya iso Ikeja mai saye ba zai tambayi nawa ka sayi tsohon ba.